Rasit mai zanen yatsa na 1818: in saya ko in bari?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wajen Baba Mai Takardu da Malama Mai Zane in suna kusa. Akwai wani shagon tsofaffin littattafai a nan Newcastle da nakan leƙa ranar da ba ni da aiki. Mai shagon ya fito mini da wata takarda falle ɗaya, rasit ne na Thomas Bewick, mutumin yankin nan da ya yi suna wajen sassaƙa zane a jikin katako ana buga shi a takarda. Rasit ɗin na littafin tatsuniyoyin Aesop ne da ya fitar a 1818. A sama akwai ɗan ƙaramin zane, an ɗora masa reshen ciyawar teku da jar tawada, a ƙasa ga sa hannu, ga kuma zanen babban yatsa ɓaro-ɓaro. Fam 450 ya ce. Na daɗe ina sha'awar fara tara takardun masu zane irin waɗannan, amma ban taɓa sayen ko ɗaya ba. In saya ko in bari?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Hanif tsaya in fahimta tukuna. Rasit? Na kayan da wani ya saya fiye da shekara 200 da suka wuce, da shi da mai sayarwar duk sun zama ƙasa? Juya fam 450 zuwa naira ka gaya wa Maman Hanif, sannan ka dawo mu ji. Ni ina da rasit cike da jaka a shago a Kwari, zo ka kwasa kyauta.

Auta:
Anti ai naki babu dangwale. Na Baturen nan har da yatsa, ya riga kowa kaɗa ƙuri'a.

Malama Mai Zane:
Auta, abin da zai ba ka mamaki shi ne Bewick bai dangwala yatsa a takardar ba. Sassaƙa zanen yatsan ya yi a jikin katako, layi bayan layi, aka shafa tawada aka buga kamar sauran zanensa. Saboda haka Baban Hanif, kada ka biya kuɗi da tunanin fatar hannun mutumin ta taɓa wurin.

Amma ni a wajena wannan ma ya fi burgewa. An haifi Bewick a 1753 a Cherryburn, kusa da inda kake, yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wajen Ralph Beilby, mai zane a jikin azurfa da jan ƙarfe. Abin da ya bambanta Bewick da na gabansa, ya ɗauki ɗan ƙarfe mai tsinin da ake zanen azurfa da shi, ya koma yana yi a kan ice mai tsananin tauri, ta fuskar da aka yanka icen a gicciye. Ta wannan fuskar ice ba ya tsagewa ya bi tsawonsa, sai layi ya fito siriri kamar gashi. Shagonsa har takardun kuɗi yana sassaƙa wa bankunan yankin, kuma ya damu ƙwarai da yadda za a hana buga jabu. Rasit ɗin nan daga wannan damuwar ya fito: zanen katako, bugun farantin jan ƙarfe a kansa da wani launi, ga yatsa, duk don mai kwaikwayo ya sha wuya.

Abin da za ka duba shi ne sa hannun. Wanda ya iya sassaƙa zanen yatsa, sassaƙa sa hannu ba zai gagare shi ba. Ka tambaya, na alƙalami ne ko bugawa aka yi?

Baban Hanif:
Malama na gode. To ta yaya zan gane da idona? Ni dai baƙi na gani a kan fari.

Baba Mai Takardu:
Salamu alaikum. Baban Hanif, ɗana, na ga kira. Na yi shekaru ina aikin adana takardu kafin in yi ritaya, ko da yake na Larabci da ajami da fayilolin En'e na fi riƙewa, ba na masu zanen Ingila ba. Amma takarda takarda ce.

Ka koma shagon da gilashin ƙara girma, mai shagon ma ba zai rasa ba. Tawadar rubutu ta wancan zamani ana haɗa ta ne da wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak, da sinadarin ƙarfe, da ƙaro. Danginta ɗaya da wadda marubuta Alƙur'ani a nan ke dafawa da bagaruwa da ƙarfe. In ta tsufa takan koma ruwan ƙasa, ta nutse cikin takarda, wani lokaci har ta ɓullo ta baya ko ta cinye wurin. Tawadar bugu kuwa da mai ake haɗa ta, tana zama a sama, baƙinta ɗaya daga farko har ƙarshe. Kuma a 1818 da gashin tsuntsu ake rubutu, alƙalamin ƙarfe bai yawaita ba sai daga shekarun 1820. Gashi yana buɗewa in an danna, layi ya yi kauri a nan ya sirance a can, tawada ta ƙare a tsakiyar kalma a sake tsomawa. Duk wannan ido yana gani.

Sannan ka ɗaga takardar a haske. Ta lokacin da tsumma ake yin ta, ba da ɓawon itace ba, kuma sau da yawa akwai tambarin masana'anta a cikinta, wani har da shekara. Mu a nan da tambarin jinjirin wata uku muke gane takardar Italiya da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19. In akwai fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba kuɗi da ita, a haska. Takardar da aka yi daga shekarun 1950 zuwa yau yawanci tana ƙyalli saboda sinadarin ƙara fari. Da irin wannan binciken aka tona asirin littattafan da aka ce Hitler ya rubuta da hannunsa a 1983, bayan mujallar Stern ta Jamus ta riga ta biya mak miliyan 9.3, kuɗin ƙasar na lokacin.

Amma duk wannan na biyu ne. Na farko shi ne ka tambaye shi: daga wa ka samu? Shi kuma daga wa? Takarda kamar hadisi ce, ba a duba matani kaɗai, sai an bi isnadi. In an ce wane daga wane daga wane har zuwa wanda Bewick ya rubuta wa rasit ɗin, hankali ya kwanta. In an ce "wani ne ya kawo," sai a yi hattara ko da rubutun ya yi kyau.

Baban Hanif:
Allah ya saka da alheri Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ya ce zai ba ni takardar shaida mai hatimin shagonsa.

Baba Mai Takardu:
Amin. Takardar shaida ba ta fi wanda ya rubuta ta ba. Abin da za ka nema ya rubuta a rasit ɗinka shi ne, duk ranar da aka tabbatar ba na gaske ba ne zai mayar maka da kuɗinka, ba tare da wa'adi ba. Dillalan kirki suna yarda da haka.

Ɗan Damagaram:
Barkanku da hira. Ni daga Paris nake bin ku, kuma in dai maganar jabun wasiƙu ce, Faransawa sun riga kowa shan ta. Akwai wani babban masanin lissafi, Michel Chasles, ɗan majalisar masana kimiyya ta ƙasar. Wani mutum mai suna Vrain-Lucas ya yi shekaru yana sayar masa da wasiƙun manyan mutane, fiye da 27,000, a kan kusan faran 140,000. A 1867 Chasles ya kai wasu gaban majalisar, ya ce ga hujja Pascal, Bafaranshe, shi ya riga Newton gano dokar da ke jawo abu ƙasa. A cikinsu har da waɗanda aka ce Pascal da Newton sun rubuta wa juna. Ingilawa suka ce a lissafa shekaru, ai lokacin da aka ce an yi wasiƙun Newton yaro ne ƙarami. Da aka buɗe sauran tarin sai ga wasiƙar Cleopatra zuwa ga Julius Caesar, ga ta Iskandar zuwa ga Aristotle. Dukansu da Faransanci. A 1870 kotu ta ɗaure mutumin shekara 2.

Auta:
Cleopatra da Faransanci! Yaya Ɗan Damagaram, ashe ita ma lakwal ta yi.

Ɗan Damagaram:
Ka yi dariya Auta, amma mutumin ya fi ni da kai ilimi nesa ba kusa ba. Abin da ya ci shi, yana son labarin ya zama gaskiya, don ƙasarsa za ta samu ɗaukaka. Mai jabu ya gane abin da zuciyarsa ke so yana kawo masa. Baban Hanif ma tun da ya ce ya daɗe yana sha'awa, to rabin cinikin ya riga ya faɗa.

Alhaji Na Ikko:
Ku bar tsorata yaro. Ni ta fuskar kasuwa nake kallo. A 1994 Bill Gates ya sayi littafin rubutun hannu na Leonardo da Vinci a kan dala miliyan 30.8. A 2020 an yi gwanjon wasiƙa ɗaya da Van Gogh da Gauguin suka rubuta tare a 1888, ta tashi a yuro 210,600. Wasiƙun Frida Kahlo 25 an sayar da su dala 137,000 a New York a 2015. Naira kullum narkewa take, takarda irin wannan kuwa ba a ƙara yin sabuwa. Hajiya Maman Ilham, ke da kika san kasuwa, wannan ba ajiya ba ce?

Maman Ilham:
Alhaji yanzu ka yi maganar da nake ganewa. In ana samun riba to ni ma a sa ni a layi. Amma tambayata ɗaya: ranar da na matsu, wa zan kai wa? Gwal in na shiga kasuwa da safe, kafin azahar kuɗina na hannuna.

Ɗan Damagaram:
Hajiya kin tambayi abin da mutum kusan 18,000 ba su tambaya ba a nan Faransa. Akwai wani kamfani, Aristophil, da ya tara wasiƙu da rubuce-rubucen manyan marubuta da masu zane da masana, yana sayar wa mutane hannun jari a cikinsu, da alƙawarin riba duk shekara. Kuɗin da aka zuba ya kai wajen yuro miliyan 850. 'Yan sanda suka shiga a ƙarshen 2014, a 2015 kamfanin ya rushe. Daga Disamba 2017 aka fara gwanjon kayan a Drouot, gidan gwanjo na Paris, kuma da yawa sun tashi ƙasa ƙwarai da farashin da aka ɗora wa masu jarin. Abin lura, Alhaji, yawancin takardun na gaske ne, har gwamnati ta hana a fitar da wasu daga ƙasar saboda darajarsu. Farashin ne na ƙarya.

Kuma gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye kusan kashi 25 cikin 100 ko fiye a kan kuɗin da aka buga guduma, ya kuma cire nasa a wajen mai sayarwa. Kafin ka mayar da uwar kuɗi sai abin ya tashi sosai.

Alhaji Na Ikko:
Ai kowace kasuwa akwai 'yan damfara. Don wani ya sayar da filin bogi ba a daina sayen fili ba.

Malama Mai Zane:
Alhaji ranka ya daɗe, ba a ce kada a saya ba. Amma misalanka duka na sunaye 3 ko 4 ne da duniya ta sani. Bewick ba ya cikinsu, kuma rasit ɗinsa an buga shi da yawa, kowane kwafin littafi da nasa. Wanda ya saya don riba zai daɗe yana jira.

Ni abin da ya sa nake son takardun masu sassaƙa zane daban ne. In ka karanta su, kusan duk rigimar kuɗi ce da rigimar satar fasaha, kuma a nan ne kake ganin mutumin da kansa.

Ɗauki Albrecht Dürer na Nuremberg, wanda ya rasu a 1528. Alamarsa harafin A ne babba da D a cikinsa, yana sa ta a kowane zane. Tun yana raye aka fara kwaikwayon zanen har da alamar. A Janairun 1512 sai da majalisar garin ta umarci wani baƙo da ke sayar da irin waɗannan ya goge alamar ko a ƙwace kayan. Lura, ba a hana shi sayar da kwafin zanen ba, sa hannun kawai aka kare. Akwai kuma wasiƙunsa ga wani attajirin Frankfurt, Jakob Heller, tsakanin 1507 da 1509, a kan wani babban zanen fenti da ya yi masa. Daga farko har ƙarshe ciniki ne: fenti ya yi tsada, aiki ya ci lokaci, a ƙara kuɗi. Har ya ce da sassaƙa ya tsaya a kai da ya fi haka arziki da gulden 1,000, kuɗinsu na wancan zamani.

Rembrandt, mai zanen Holan, kuwa wasiƙunsa 7 kacal suka rage a duniya, duka zuwa ga Constantijn Huygens, sakataren yariman Holan, a 1636 da 1639. Me ke ciki? Ya gama aiki, yana ganin kowane zane bai kamata ya gaza gulden 1,000 ba, aka ba shi 600, yana roƙo a hanzarta biya.

Wanda ya fi kusa da abin da Baban Hanif ya gani shi ne William Hogarth na Landan. Shi kafin ya buga jerin zane sai ya karɓi rabin kuɗi a hannun masu so, ya ba su tikiti. Tikitin kansa ɗan zane ne da ya sassaƙa, a ƙasa ya rubuta sunan mai biya da kwanan wata, ya sa hannu. Jerinsa na 1732, zane 6 a kan wata yarinya da ta zo birni daga ƙauye ta lalace, ya sayar da saiti 1,240 a kan gini 1 kowanne, wato fam 1 da sule 1. Nan da nan 'yan kwaikwayo suka cika kasuwa da nasu mai araha. Sai ya haɗa kai da 'yan uwansa masu sana'ar suka kai kuka majalisa, aka yi dokar 1735 da ta ba mai zane kariyar shekara 14, da sharaɗin a sassaƙa sunansa da kwanan wata a jikin farantin ƙarfen da ake buga zanen da shi. Jerinsa na gaba ma riƙe shi ya yi sai da dokar ta fara aiki a watan Yuni na shekarar.

To tikitin Hogarth da aka cike da hannu, da sunan mutum da rana, shaida ce cewa ciniki ya faru tsakanin mutum biyu. Wanda ba a cike ba zane ne kawai, kuma an ci gaba da bugawa daga farantansa shekaru da yawa bayan ya rasu a 1764, har a 1822 an sake gyara su an buga.

Auta:
Malama to duk masu zanen nan su ake zalunta kenan, babu mai zalunci a cikinsu?

Malama Mai Zane:
Akwai mana. Paul Revere na Boston, wanda Amurkawa ke ji da shi saboda hawan dokin da ya yi cikin dare a 1775, maƙerin azurfa ne kuma mai sassaƙa zane. Shahararren zanensa na harbin da sojojin Ingila suka yi a Boston a 1770, na wani saurayi ne, Henry Pelham. Revere ya gani, ya sassaƙa nasa, ya riga shi kai wa kasuwa. Pelham ya rubuta masa wasiƙa mai zafi a ƙarshen Maris na shekarar yana zarginsa da cin amana. Akwai kuma takardar da Revere ya kai wa hukumar Massachusetts yana neman kuɗin zirga-zirgar da ya yi musu a kan doki, sule 5 a rana, suka rage zuwa sule 4. Wannan takardar ta fi mini sa hannunsa 10 da aka yanko daga ƙasan wasiƙu.

Ummu Sadik:
Ina bin ku shiru tun jiya. Tambaya gare ni Malama. Na ga wani shafi a intanet ana sayar da zanen Rembrandt, an ce da sa hannunsa da fensir a ƙasa, da lamba kamar 12/100. Kuɗin ma ba yawa.

Malama Mai Zane:
Ummu Sadik ki rufe shafin. Rembrandt ya rasu a 1669. Al'adar mai zane ya sa hannu da fensir a gefen takarda ba ta kafu ba sai wajen shekarun 1880, zamanin su Whistler, mai zane ɗan Amurka, saka lamba kuma ya zo bayan haka. Na da a jikin farantin suke sassaƙa suna, ya fito tare da zanen.

Ko na zamani ma sa hannu kaɗai ba hujja ba ne. Salvador Dalí, mai zane ɗan Sifen, ya riƙa sa hannu a kan fararen takardu da ba a buga komai ba, dubbai, ana biyan sa. A 1974 jami'an kwastan na Faransa sun tare mota ɗauke da 40,000. Sa hannun nasa ne, amma abin da aka buga a sama daga baya Allah kaɗai ya san na wane ne. Har yau kasuwar bugun Dalí ba ta warke ba.

Baban Hanif:
Na koma yau bayan na tashi aiki. Na duba da gilashi kamar yadda Baba ya ce. Lamba da adadin kuɗin da aka cike da hannu ruwan ƙasa ne, sun nutse. Takardar ba ta ƙyalli. Amma gefen hagu akwai alamar an yanke ta da reza, kuma da na tambaya ya ce cikin wani kwalin takardu ya same ta a gwanjo, bai san littafin da aka ciro ta ba. Ya sauko zuwa 380. Na ce zan yi tunani.

Baba Mai Takardu:
To ni a nan na tsaya, ɗana. Mai yiwuwa ta gaske ce, ban musa ba. Amma wani ya sa reza ya raba ta da littafinta, don ya lissafa cewa in ya sayar da rasit daban, zane daban-daban, zai fi samu. Duk wanda ya saya ya ƙarfafa masa gwiwa ya yanka na gaba. Na ga irin wannan ɓarnar da idona: littafin fiƙihu an cire shafin ƙarshe, inda marubuci ya sa sunansa da na malaminsa da ranar da ya gama, saboda shi ne mai ado. Abin da ya rage ba a san na wane ne ba, ba a san na yaushe ba.

Malama Mai Zane:
Baba ku gafarce ni, a nan zan ɗan saɓa muku. Yankan ya riga ya faru, wataƙila tun kafin a haifi mai shagon. In Baban Hanif bai saya ba takardar ba za ta koma littafinta ba, sai dai ta ci gaba da yawo a kwali. Gara tana hannun wanda zai kula da ita. Inda na yarda da ku shi ne farashin. Da wannan kuɗin gara ya ƙara haƙuri ya nemi littafin cikakke da rasit ɗinsa a ciki, suna fitowa a gwanjo.

Baba Mai Takardu:
Malama, hujjar "ya riga ya faru" ita kowane mai saye ke kawowa, kuma da ita kasuwar ke ci. Sannan akwai abin da ya fi yanka muni. Takardar da ba a san inda ta fito ba, wani lokaci daga ɗakin ajiya na hukuma ta fito. An sace wasiƙar Michelangelo daga ma'ajiyar cocin St Peter da ke Vatican, an lura tun 1997, sai a 2015 fadar Vatican ta bayyana cewa wani ya nemi a biya shi kafin ya dawo da ita. Wanda ya sayi irin wannan, ko da kyakkyawar niyya, ranar da aka gano karɓewa za a yi.

Alhaji Na Ikko:
Baba Allah ya ja kwana, amma in don ta ma'ajiyar gwamnati ne, da yawan takardun nan da gara ta gama da su. Masu tarawa da kuɗinsu su suka ceci rabin abin da ke gidajen tarihi na Turai.

Baba Mai Takardu:
Wannan gaskiya ne Alhaji, ban ƙi ba. Masu tarawa na kirki suna rubuta inda suka samu, suna bari masu bincike su gani, a ƙarshe da yawa sukan ba da kyauta. Da su ba ni da faɗa.

Maman Ilham:
To in ya saya ya kawo gida fa? A kai shagon kwamfuta a yi mata laminatin kamar takardar makaranta, shi kenan ta huta.

Baba Mai Takardu:
Hajiya don Allah kada ki sake faɗa, wani zai ji ya aikata. Laminatin zafi ne da gam, roba ta manne har abada, ba mai saye da zai sake kallon ta. Haka salatif, bayan 'yan shekaru sai ya bar tabo ruwan goro. A sa ta a jakar takarda marar asid, a kwance, cikin akwatin da ke rufuwa, nesa da bango da ƙasa saboda gara da danshin damina. Hunturu kuma yana busar da takarda ta riƙa karyewa, saboda haka ba a yawan buɗewa. In ana son ratayewa a falo, a ɗauki hoto mai kyau a rataye hoton, rana tana cin tawada.

Ɗan Damagaram:
Kuma kafin ta hau jirgi akwai doka. A Birtaniya takardar da aka rubuta da hannu in ta haura shekara 50, ana neman izinin fitarwa ko da kuɗinta kaɗan ne, hukumar Arts Council England ke bayarwa. Baban Hanif ka tambayi mai shagon ko wannan rasit ɗin ya shiga ciki, su sun saba cike fom ɗin.

Ummu Sadik:
Ni fa duk hirar nan tunani ta sa ni. Dole sai na Turawa? Malama ke da kika yi karatu a Samaru, namu fa?

Malama Mai Zane:
Akwai su, kuma yanzu ne lokacinsu. A Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban zane a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, wanda ya zama babban mai bugun zane na ƙasar nan. Wasiƙunsu, katin gayyatar baje koli, rasit na cinikin zane, suna nan a akwatunan iyalai da tsofaffin malamai, ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 hatimi take bugawa a gindin tukwanenta, LK, kuma da shi masu gwanjo a Landan ke tantance aikinta. A irin waɗannan isnadin da Baba ya ambata gajere ne, mutum 1 ko 2, wasu ma suna raye a tambaye su.

Baba Mai Takardu:
A ƙara da wannan: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta sa kayan da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a cinikinsu sai ta hannun wanda aka ba izini, ba a fitar da su sai da takarda. Saboda haka wasiƙar sarki mai hatimi ko tsohon littafin da kakanni suka bari, ba abin kai wa dillali ba ne. Mai irin wannan a gida ya je Arewa House ko ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna, ko cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, ya nemi shawarar yadda za a ɗauki hotonsu a yi musu rajista, asalin kuma ya zauna a hannunsa in ya so.

Ummu Sadik:
Baba akwai wata jakar fata ta kakanmu da ba a buɗe ba tun rasuwarsa. Takardun sun manne da juna. In jiƙa gefen kaɗan su rabu?

Baba Mai Takardu:
A'a 'yata, kada ruwa ya kusance su, tawadarmu da ƙaro aka haɗa ta, tana narkewa. Kada ki ja kuma. Ki bar su yadda suke a cikin jakar, ki ɗauki hoton waje da na shafin da ke sama, ki turo mini ta akwatin sirri in ga irin rubutun tukuna.